Yadda ɗan kasuwa zai yanke shawara alhali bai san abin da gobe za ta zo da shi ba

Tambaya daga wani ɗan kasuwar hatsi a Garwa: Jarina ya kai sefa miliyan 30, kaka kuma ta gabato. Abokan harka suna ba ni shawarar in ƙara da bashin miliyan 20 in cika sito da masara, in jira masu saye daga Najeriya a bazara. Ɗana da ya yi karatu a Jami'ar Ngaundere ya ce akwai hanyar da manyan kamfanoni suke bi, su tsara yanayoyi daban-daban da za su iya aukuwa kafin su zuba kuɗi. Shin wannan hanya tana da amfani ga irinmu, kuma ba ta ci karo da tawakkali ba?

Alhaji, Allah ya sa albarka a cikin nema. Hanyar da ɗanka ya ambata tana da amfani ga irin harkarka, kuma ba ta buƙatar kwamfuta ko ofis, littafi da biro da mutane kaɗan masu faɗin gaskiya sun isa. Sai dai ya kamata ka san tun farko cewa ba za ta gaya maka nawa buhun masara zai kai a watan Yuni ba, domin babu wanda ya san wannan, har da waɗanda suke ba ka shawarar cin bashi. Aikinta shi ne ta ɗauki shawara guda da ke gabanka, ta gwada ta a cikin yanayoyi uku ko huɗu da kowanne zai iya faruwa, domin ka ga a wane yanayi za ka ci riba, a wanne za ka yi asarar da za ka iya jurewa, a wanne kuma jarin zai karye gaba ɗaya. Daga nan sai ka gyara shawarar, ka kuma rubuta tun yanzu abin da za ka yi idan alamun kowane yanayi suka fara bayyana.

Asalin hanyar daga harkar soja ne. Herman Kahn ya yi amfani da ita a cibiyar RAND ta Amurka a shekarun 1950 wajen tunanin yadda yaƙin nukiliya zai iya kasancewa. Wanda ya shigo da ita kasuwanci har ta yi suna shi ne Pierre Wack, Bafaranshe da ke aiki a kamfanin mai na Shell. A farkon shekarun 1970, lokacin da kamfanonin mai suke tsara harkokinsu bisa zaton cewa farashi zai ci gaba da zama yadda aka saba, shi da abokan aikinsa suka gabatar wa shugabanninsu yanayin da ƙasashe masu arzikin mai za su karɓe ikon farashi. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka sa takunkumin mai, ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Galibin wannan labari daga bakin mutanen Shell ɗin aka ji shi, saboda haka ana rage masa gishiri, kuma Wack da kansa ya rubuta a 1985 cewa yanayoyin da suka fara gabatarwa ba su sauya halin manajoji da yawa ba. Wannan ikirari nasa ya fi labarin nasarar amfani a wurina, domin ya nuna cewa rubuta yanayoyi abu ne mai sauƙi, wahalar tana wurin sa mai yanke shawara ya yarda cewa abin da ya saba gani yana iya sauyawa.

Matakin farko shi ne ka taƙaita tambayar. Idan ka ce kana son sanin makomar kasuwar hatsi a arewacin Kamaru, za ku kwana kuna hira ba ku cimma komai ba. Tambayarka ita ce: buhu nawa zan saya tsakanin Nuwamba da Disamba, da kuɗin wa, kuma yaushe dole ne in sayar? Wa'adinta wata takwas ne ko tara, daga kaka zuwa tsakiyar damina. Duk abin da ba zai taɓa wannan tambaya cikin wannan wa'adi ba, a ajiye shi gefe.

Mataki na biyu, wanda mutane suka fi tsallakewa, shi ne raba abin da ya riga ya tabbata da abin da ba a sani ba. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Adamawa a watan Agusta yana kan hanyarsa ta kogin Logon, kuma mutumin Yagwa ko na Kuseri ba ya buƙatar mai duba ya gaya masa cewa kogi zai cika bayan wasu makonni, tun da ruwan ya riga ya zuba, isowarsa kawai ake jira. A kasuwa ma akwai abubuwa irin wannan. Filin da aka shuka bana an riga an shuka shi, takin da aka zuba ko aka kasa saye ya riga ya yi aikinsa. Azumi da Sallah suna matsowa gaba da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, saboda haka ka san watan da buƙatar gero da wake za ta ƙaru. Ka san cewa idan kamfanin Sodecoton ya biya manoma kuɗin auduga, matsin da ke sa su karyar da hatsi yana raguwa. Ka san hanyoyin ƙauye suna lalacewa da zarar ruwa ya zauna, kuɗin mota kuma ya hau. Mafi muhimmanci, idan ka ci bashi, ranar biyansa ta tabbata fiye da duk waɗannan. Irin waɗannan abubuwa suna shiga cikin kowane yanayi ba tare da sauyi ba, ba a yin muhawara a kansu.

Akwai wani abu da ke tsakiya, wato darajar sefa. An ɗaure ta da yuro a kan sefa 655.957, wato kusan 656, ga yuro ɗaya tun 1999, kuma ga shawara ta wata takwas ina ganin daidai ne ka ɗauke ta a matsayin abin da ba zai motsa ba. Amma dattawan kasuwa suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka rage darajarta da rabi a dare ɗaya, kuma a Disambar 2016, bayan faɗuwar farashin mai, sai da shugabannin ƙasashen CEMAC, wato ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, suka taru a Yawunde suka sanar cewa ba za a sake rage ta ba. Da tambayarka ta shafi gina masana'anta da bashin shekara goma, da na ce ka sa wannan cikin abubuwan da za a gwada.

Bayan haka sai ku jera abubuwan da ba a sani ba, kuma za su yi yawa: tsaro a hanya, farashin mai, umarnin hukuma na hana fitar da hatsi, ambaliya, ƙwari, sayayyar masu kiwon kaji na kudu, sayayyar ƙungiyoyin agaji. Daga cikinsu za ku zaɓi biyu kacal, waɗanda suka fi ƙarfin tasiri a kan farashin masararka kuma suka fi wuyar sani. A ganina, ga ɗan kasuwar Garwa, na farko shi ne ko Najeriya za ta saya ko ba za ta saya ba, na biyu kuma ko hatsi zai wadata a yankinmu ko zai yi ƙaranci.

Na zaɓi Najeriya ne saboda abin da muka gani da idonmu tun daga 2014, kuma kowane karo ta wata ƙofa daban matsalar ta shigo. A 2014 rikicin Boko Haram ya kashe hanyar Banki da Amcide da ta Fotokol, fatake suka koma zagaye mai tsada. A Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. A farkon 2023 sauya fasalin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, masu saye suka zo kasuwa ba abin biya a hannu. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, farashin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi ta bayan fage, ya tashi a Garwa da Marwa, sannan a watan Yuni aka saki naira, ta tashi daga kusan 460 a kan dala ɗaya ta haura 1,400 a farkon 2024. Idan naira ta faɗi haka, masarar da aka saya da sefa tana yi wa ɗan Mubi ko ɗan Yola tsada, har kaya su juya su riƙa shigowa daga can. A Yulin 2024 kuma gwamnatin Najeriya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauko sosai a kasuwanninta, waɗanda suka tara kaya suna jiran tsada suka ji jiki. Wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa maganar “'yan Najeriya za su zo” zato ne da yake cika a wasu shekaru, ya saɓa a wasu.

Wadatar hatsi a gida kuwa ba ta tsaya ga masarar Ngong da Tuboro ba. Muskuwari, wato masakwar da ake dasawa a karal, ƙasar laka mai riƙe ruwa, bayan ɗaukewar ruwa, ana girbe ta wajen Janairu da Fabrairu, kuma idan ta yi kyau a yankin Marwa, buƙatar masara daga arewa mai nisa tana raguwa. Idan ambaliya ta cinye gonaki kamar yadda ta yi a 2022 da 2024 a Mayo Danay da Logon da Shari da kudancin Cadi, masu saye sukan sauko har Garwa. Farkon damina mai zuwa ma yana da hannu, domin idan ruwa ya sauka da wuri kuma shuka ta yi kyau, duk wanda ya ɓoye kaya sai ya fito da su a lokaci guda.

Haɗa waɗannan biyu yana ba ka yanayoyi huɗu, kuma yana da kyau a ba kowanne suna gajere da yaranka za su riƙe. Na farko, hatsi ya yi ƙaranci kuma Najeriya tana saye, mu kira shi “kasuwa ta buɗe”. Na biyu, hatsi ya yi ƙaranci amma iyaka ba ta aiki, sai cinikin gida da na Cadi. Na uku, hatsi ya wadata amma baƙi suna kwasa. Na huɗu, hatsi ya wadata kuma Najeriya ba ta saye, wataƙila ma nata ne yake shigowa, mu kira shi “rumbu cike, ƙofa rufe”. Kowanne a rubuta shi a matsayin labari mai dalili, abin da ya fara faruwa, abin da ya biyo baya, wanda ya fara sayarwa, abin da hukuma ta yi. Dalilin rubuta shi haka shi ne a gane ko sassan labarin suna iya zama tare. Misali, yanayin farko yana ɗauke da haɗarinsa a ciki, domin idan farashi ya yi tsada sosai ana fitar da kaya waje, hukumomi sukan hana fitar da hatsi, jami'an duwan, wato kwastan, da jandarma su tsananta a hanya, ribar da aka lissafa ta ragu. Wanda ya rubuta lamba kawai ba zai ga wannan ba.

Yanzu sai lissafi, kuma lambobin da zan kawo na misali ne, ka maye gurbinsu da na kasuwar ranar da za ku zauna. A ƙaddara buhu yana sefa 15,000 a kaka, kuɗin mota da dako da buhu da maganin ƙwari da hayar sito da raguwar awo su kama 1,500, ya zama kowane buhu ya tsaya maka a 16,500. A ƙaddara kuma farashin bazara zai kai 25,000 a yanayi na farko, 20,000 a na biyu, 19,000 a na uku, 13,000 a na huɗu. Idan ka sa kuɗinka kaɗai, za ka sayi buhu 1,800. A yanayi na farko ribarka miliyan 15.3 ce, a na biyu 6.3, a na uku 4.5, a na huɗu kuma asarar miliyan 6.3. Idan ka ƙara bashin miliyan 20 da za ka mayar da 22 a watan Mayu, za ka sayi buhu 3,000. Ribar yanayi na farko ta zama miliyan 23.5, abin da ya sa abokanka suke zuga ka ke nan. A na biyu 8.5, a na uku 5.5, wato bashin ya ƙara maka miliyan ɗaya ko biyu kacal a waɗannan yanayoyi biyu na tsakiya. A na huɗu asarar ta kai miliyan 12.5, jarin miliyan 30 ya koma 17.5.

Wannan lamba ta ƙarshe ma ba ta faɗi dukan gaskiya ba, kuma a nan nake son ka daɗe kana dubawa. Mai kuɗin kansa idan farashi ya faɗi a Mayu yana iya jira zuwa Yuli ko Agusta, ko ya sayar kaɗan-kaɗan, ko ya kai kudu. Mai bashi ba shi da wannan dama. Domin ya haɗa miliyan 22 a farashin 13,000 sai ya fitar da kusan buhu 1,700 cikin 'yan kwanaki, a kasuwar da sauran masu bashi irinsa suke fitar da nasu, dillalai kuma sun san halin da yake ciki. Farashin da zai samu a zahiri yana iya gaza 13,000. Ga kuma mutunci, wanda a kasuwarmu shi ne rabin jari, domin wanda ya saɓa alkawarin biya sau ɗaya, manoma da masu mota da 'yan canji duk za su ji, bashin baki da yake samu a da ya yanke. Saboda haka tambayar da lissafin ya haifar ita ce ko ƙarin miliyan 8 a yanayi guda ya cancanci jefa kusan rabin jarinka da sunanka cikin haɗari a wani yanayin. Hukuncina shi ne bai cancanta ba, ga mutumin da wannan miliyan 30 ita ce ƙashin bayan gidansa. Ga wanda yake da wasu harkoki masu kawo kuɗi kowane wata, amsar tana iya bambanta.

Amfanin zaman bai ƙare a “ci bashi” ko “kada ka ci” ba, domin da zarar an ga inda haɗarin yake, sai wasu zaɓuɓɓuka su fito waɗanda ba a yi tunaninsu da farko ba. Ɗaya shi ne saye kashi-kashi: ka sayi buhu 1,000 a kaka da miliyan 16.5, ka riƙe 13.5 zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da labarin muskuwari ya fito kuma an ga inda naira ta dosa. Idan alamu sun nuna ƙaranci, ka ƙara saye ko da buhu ya kai 17,000. Wannan ƙarin 2,000 shi ne kuɗin da ka biya domin ka yanke shawara da ido buɗe, kuma a yanayi na huɗu asararka ta tsaya a miliyan 3.5. Wani zaɓin shi ne sauya irin kuɗin da za ka karɓa. Idan mai miliyan 20 ɗin ya shigo a matsayin abokin tarayya bisa ƙirali, wato mudaraba, ku raba riba bisa kason da kuka amince, asarar dukiya kuma ta hau kan mai dukiya muddin ba ka yi sakaci ba, to ribarka a shekara mai kyau za ta ragu, amma babu ranar da za a tilasta maka karyar da kaya, ka kuma kauce wa matsalar haramcin da ke cikin bashi mai ruwa. Akwai kuma raba kayan tsakanin masara da wake ko gyaɗa, waɗanda masu sayensu da lokutan tsadarsu ba ɗaya ba ne, da yin yarjejeniya tun kaka da mai kiwon kaji ko mai injin niƙa a kudu kan wani kaso a farashin da aka tsayar, da sanin hanyar Cadi tun kafin a buƙace ta, ko ta Kuseri da gadar Ngeli zuwa Injamena, ko ta Tuboro zuwa Mundu. Wasu matakan kuma suna da amfani a dukan yanayoyi huɗu, kamar gyara rufin sito, da ɗora buhuna a kan katako, da tabbatar da cewa masarar ta bushe sosai kafin a ɗinke. Irin waɗannan a yi su nan take.

Sashen da ya fi raba wanda ya amfana da wanda ya yi hira kawai shi ne alamu da matakin da aka ɗaura wa kowace alama. Ga kowane yanayi ku tambayi kanku abin da za a fara gani idan shi ne yake tafe, sannan ku zaɓi alamu huɗu ko biyar da za a iya dubawa kowane mako ba tare da wahala ba. Canjin naira da sefa a wurin 'yan canji yana cikinsu. Haka nan bambancin farashin buhu tsakanin Mubi da Garwa bayan an mayar da shi sefa an cire kuɗin mota da na hanya, domin idan wannan bambanci ya rufe, babu dalilin da zai kawo mai saye. Sai yawan motocin da ake lodi a kasuwar Fitowa da ta Ngong da inda suka nufa, da halin muskuwari a Disamba, da hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ta Yamai da abokan aikinta suke fitarwa wajen Afrilu. Ɗanka zai iya duba rahotannin FEWS NET a intanet, waɗanda su ma da wannan hanya ta tsara yanayi suke hasashen wadatar abinci a Kamaru da Cadi. Kowace alama a sa mata iyaka a rubuce, misali: idan bambancin Mubi da Garwa ya rufe mako uku a jere kuma muskuwari ta yi kyau, za a sayar da rabin kaya kafin ƙarshen Fabrairu ko da ribar kowane buhu sefa 1,000 ce kawai. Dalilin rubutawa tun kaka shi ne, a ranar da farashi ya fara sauka zuciya ba ta son yarda, kullum tana cewa a ƙara mako ɗaya, kuma galibin manyan asarorin masu ajiyar hatsi daga wannan jinkiri suke fitowa. A sa iyaka ta sama ma, domin wanda ya ƙi sayarwa a 24,000 yana jiran 30,000 yakan wayi gari sabuwar masara ta shigo kasuwa.

Game da waɗanda za su zauna, kada ka tara masu ra'ayi ɗaya. Ka kira dillalin da ka amince da shi, da direban da ke bin hanyar iyaka, da ɗan canji, da manomi babba, da mai kula da sito, da ɗanka ya riƙe biro. Akwai matsala da tarbiyyarmu take haifarwa a irin wannan zama: yaro ko ƙaramin abokin harka ba zai kalli Alhaji ya ce shawararsa tana da haɗari ba, musamman idan ya ga inda zuciyar Alhaji ta karkata. Maganinta shi ne kada ka faɗi ra'ayinka sai a ƙarshe, kuma ka ba kowa yanayi ɗaya ya kare shi kamar shi ne ya tabbata, ta yadda wanda ya kawo mummunan labari aikin da aka ba shi yake yi, ba rashin kunya ba. Wata dabara da masanin halayyar ɗan Adam Gary Klein ya yaɗa tana taimakawa: ka ce musu a ƙaddara yau watan Yuli ne kuma mun yi asara mai yawa, kowa ya faɗi abin da ya jawo ta. Mutane sun fi sakin baki idan aka sa su bayyana abin da “ya riga ya faru”.

Kurakurai biyu ne na fi gani. Na farko, a tsara yanayi uku, mai kyau da matsakaici da mummuna, sai kowa ya rungumi na tsakiya ya mance da sauran, a koma gidan jiya. Na biyu, a tsaya gardamar wanne ya fi yiwuwa har a sa masa kaso cikin ɗari da ba shi da tushe. Masanin tattalin arziki Frank Knight ya bambance tun 1921 tsakanin haɗarin da ake iya ƙididdigewa da rashin tabbas da ba a iya ƙididdigewa. Yawan buhunan da ƙwari za su ɓata yana cikin na farko, tun da kana da gogewar shekaru a kai. Ko gwamnatin wata ƙasa za ta rufe iyaka a Maris yana cikin na biyu.

A kan tawakkali, malamai ne masu fatawa, amma akwai abin da ya shahara a tarihi da ya dace da tambayarka. Lokacin da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, ya yi shawara da sahabbai sannan ya juya da jama'a. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya tsara yanayoyi huɗu yana furtawa ne a aikace cewa bai san gaibu ba. Wanda ya zuba dukan jarinsa da na mutane a kan zato guda shi ne ya yi kamar ya san abin da zai faru. Abin da ya kamata ka tambayi malami a kansa shi ne iyakar ajiyar abinci, domin shari'a ta hana ɓoye abinci a lokacin da jama'a suke cikin matsi don a tsauwala farashi, kuma wannan ya shafi yanayi na farko da na biyu kai tsaye. Yana da kyau iyakar sayarwa ta sama da za ka rubuta ta yi la'akari da wannan.

Hanyar tana da iyakarta. A Nuwambar 2019 babu ɗan kasuwar da ya sa annobar korona cikin lissafinsa, kuma a farkon 2021 kaɗan ne suka yi tunanin rasuwar shugaban Cadi Idriss Déby a watan Afrilu da rufe iyakokin da ya biyo baya na ɗan lokaci. Abin da yanayoyi ba su hango ba, kuɗin ajiya ne kawai yake tare shi. Saboda haka, kowace shawara ka ɗauka, ka ware abin da zai riƙe gida da albashin yara da hayar sito na wata uku ko huɗu, kada ya shiga cikin kuɗin sayen masara ko da farashin kaka ya yi arha ƙwarai. Zaman farko zai ɗauki yini ɗaya kafin a fara saye. Bayan haka ku sake zama a ƙarshen Janairu idan muskuwari ta shigo, sannan a Afrilu idan hasashen damina ya fito, kowane zama ku buɗe littafin ku duba wane yanayi alamu suka fi nunawa, ku aiwatar da abin da kuka rubuta a gabansa. Idan wani abu ya faru da bai shiga ko ɗaya daga cikin huɗun ba, kamar sabuwar dokar fitar da kaya ko rufe wata hanya, kada ku jira ranar zama, ku sake lissafin a makon da labarin ya iso.